Yaɗon Kaka

Yau kwana ashirin da uku ke nan rabon Kafanchan da ruwan sama, in an cire yayyafin da aka yi wata Talata, wanda ko tsakar gida bai jiƙa ba. Kowace la'asar hadari yakan taru a kan duwatsun Kagoro, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi har mata su kwashe shanya, sa'an nan iska ta ɗauke shi ta yi wani wajen da shi. Rijiyarmu ta koma taɓo tun kafin Ista. A barandarmu akwai wani baƙin bokitin roba, a cikinsa akwai shuka mai yaɗo wadda ta mutu, kuma ni ce sanadi. Ita ce ta zaunar da ni rubuta abin da na tuna na wata bazara irin wannan da aka yi ina ƙarama.

Ya kamata in faɗi iyakar sanina tun daga farko. Ban riƙe shekarar ba. Ni ina ganin ina aji huɗu na firamare, mahaifiyata kuwa ta ce aji uku, domin a tunaninta lokacin ƙanena Iliya yana goye. Babanmu, wanda shi ne mai riƙe irin waɗannan abubuwa, ya rasu. Saboda haka abin da na gani da idona zan faɗe shi kai tsaye, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini, inda na yi shakka kuma zan bar shakkar a fili.

Shukar ba ta da wani suna na Hausa da na sani. A unguwarmu duk abin da aka dasa don ado fulawa ne, ko da bai taɓa yin fure ba, ita kuwa ban taɓa ganin furenta ba. Ganyenta ya kai tafin hannun yaro, mai tsini a ƙarshe, kore mai sheƙi da zane-zane ruwan ɗorawa kamar an yarfa masa fenti. Tana bin duk abin da aka ba ta, ko igiya ko ƙusa ko ƙarfen taga. Wasu suna ce mata ganyen kuɗi, sunan da Mama ba ta so. Takan ce, "In da na kuɗi ne, ai da mu ne masu motar garin nan." Ita "yaɗon Kaka" take cewa, haka mu ma muka tashi muna faɗa. Na koyi sunanta na kimiyya a jami'a, amma ba shi da wani amfani a wannan labari.

Kaka ita ce mahaifiyar Mama, a wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma. An gaya mini cewa tana budurwa takan yi wa wata Baturiya mai aikin jinya wanki, wata rana ta tsinke reshe daga barandar matar ta ɓoye a ɗankwali. Ba ni da hanyar tabbatar da wannan. Abin da na tabbatar shi ne ƙa'idar da ta biyo baya, domin na ga ana binta: yaɗon nan ba a roƙonsa, ba a miƙa shi hannu da hannu, ba a kuma yin godiya a kansa. Wanda aka bayar, in ji su, ba ya kamawa. Sai na sata. To, matan zumuntar coci da suke jan addu'a ranar Lahadi ba za su yi sata ba. Sai suka samo hanya. In baƙuwa ta tsaya tana yaba ganyen, mai shuka kuma ta ga dama, sai ta ce, "Bari in duba tukunya a wuta," ta juya baya ta tafi. Baƙuwa ta sa farce ta tsinke, ta cusa a zani. Mai shuka ta dawo a ci gaba da hira. Babu wadda za ta sake tayar da maganar har abada.

Haka Kaka ta yi wa Mama ranar da za a kai ta gidan Baba. Gidan ƙauyen ya rushe bayan rasuwar Kaka. Mai yiwuwa akwai jikokin yaɗon a wasu gidaje a can. Na tambaya, ban sami wanda ya iya tabbatar mini ba. Ita kuwa Mama ba ta cika juya baya ba. Sau ɗaya na ga ta yi a ƙuruciyata.

A farkon wannan bazarar Mama tana da mazubi goma sha ɗaya, ita ta ce sha biyu. Akwai gwangwanayen madara, da wani kwanon silba da ya huje, da tsohuwar butar shayi, da bokitin ƙarfe marar mariƙi. Uwarsu duka ita ce tukunyar ƙasa da ta zo da ita daga ƙauye, tsagaggiya, an ɗaure wuyanta da waya. Ta ja igiyoyi daga ƙasa zuwa ƙarƙashin kwanon rufi, yaɗon ya bi su ya zama labule, har rana ba ta shiga barandar sai ɗigo-ɗigo. A nan Baba, wanda malamin firamare ne, yakan zauna ya duba littattafan ɗalibai. Kowace Ista kuma akan zo a ɗauki huɗu ko biyar a kai coci a yi wa bagade ado, kowa ya san na Maman Rahila ne, kamar yadda ake kiran Mama da sunana.

Ruwan farko ya zo da wuri, cikin Maris, ya kuma zo da ƙarfi. Shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, muka cika kwanuka. Kowa ya ɗauka damina ce. Baba ya shuka masara a bayan gida, ya kuma buɗe tarin irin citta ya dasa fiye da rabi a gonarmu ta hanyar Zangon Kataf. Kwana uku muna jidar ganye a ka muna rufe kunyoyi, mu da maƙwabta, yau a gonar wannan gobe a ta wancan. Daga nan sama ta rufe bakinta. Ina jin mako shida aka yi, ko da yake ba zan rantse a kan haka ba.

Zafin bazarar nan ba irin wanda ake samun sauƙinsa a inuwa ba ne. Da hantsi kwanon rufi yakan fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Kujerar katako ma sai an taɓa ta da hannu kafin a zauna. Masarar da ta fito ta kai tsawon ɗan yatsa, ta murɗe kamar igiya, ta kwanta. Girbin da ya wuce bai yi auki ba, dawa ta kusa ƙarewa a rumbu, sai aka koma girki sau ɗaya a yini: faten acca mai ruwa-ruwa da busasshiyar yakuwa, da yamma. Da rana mangwaro ne, nunanne da ɗanye, da garin ɗorawa da muke lasa har leɓunanmu su yi rawaya. Ya zo daidai da azumin da ake yi kafin Ista. Na tuna Baba ya dawo daga coci yana cire takalmi yana cewa, "Fasto ya ce a yi azumi. Na ce masa, ranka ya daɗe, mu ai mun riga ka da mako biyu."

Sai rijiya ta ƙafe. Da asuba matan unguwa sukan fita tare zuwa rafi, wanda ya zama yashi zalla. Akan yi rami da hannu da guntun ƙwarya har a kai gwiwar hannu, a zauna a jira ruwa ya tsattsafo. Ɗaya tana haƙa, ɗaya tana kwasa, sauran suna zaune a kan bokitansu bisa layi, suna waƙar coci ƙasa-ƙasa don kada gardama ta tashi, wani lokaci kuma ta tashi duk da haka. Ruwan yakan zo ja, sai an bar shi ya kwanta. Ni da Mama muna yin sawu biyu, bokiti huɗu ke nan, nawa ƙanana. Ɗaya na randa, ɗaya na girki, ɗaya na aladen da Baba yake kiwo, ɗaya na wanka da wanke-wanken mutum huɗu. Babu ruwan da yake yin aiki ɗaya ya zube.

Yaɗo ba shi da bokiti a wannan rabo. Daga rabonta na wanka Mama take ɗiba. Wata rana Baba ya tarar da ita tana zagaya gwangwanaye da moɗa.

"Maman Rahila, alade yana can yana haki, ke kina nan kina shayar da ganyen da ko miya ba ya yi."

"Ruwan wankana ne, Malam. In wari ne, ni zan yi, ba kai ba."

"Ai ni nake zama kusa da warin."

Ta yi dariya, amma ba ta ajiye moɗar ba. Shi kuwa na ga yadda ya dubi bokitin.

Don ta rage masa ɓacin rai, ta koma zuba musu ruwan wankin tufafi. Ba mu san garin sabulu yana ƙona saiwa ba. Cikin kwana biyar gwangwani uku suka yi baƙi daga gefen ganye, suka zube. Daga nan ta gane ba su karɓar komai sai ruwa mai tsabta ko ruwan wankin acca, accar kuma ta kusa ƙarewa. Na tambaye ta me ya hana mu yanke rassan mu sa a kwalba, tun da kwalba ba ta shan ruwa kamar ƙasa. Ta ce, "A zafi irin wannan, reshe a kwalba ruɓewa yake. Sai damina." Na riƙe wannan amsa kalma da kalma, kuma akwai dalilin da ya sa nake nanata ta a nan.

Sai ta fara zaɓe. Kowace Lahadi bayan sujada a coci, tun ba ta cire ɗankwalin zumunta ba, takan tsaya a baranda ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ɗauki mazubi ɗaya ko biyu ta kai bayan gida ta juye. Ta kwance igiyar, ta naɗe, ta kife gwangwanin a kan katanga. Ba ta sa ni in taya ta. Kowane mako labulen yana ƙara yagewa, rana tana ƙara shigowa, har Baba ya ɗauke kujerarsa ya koma gindin mangwaro. Da Ista ta zo, shugabar zumunta ta aiko a kawo fulawa. Mama ta ce a gaya mata bana babu. Aka yi ado da ganyen mangwaro. Mama, wadda kullum take layi na biyu, ranar a can baya ta zauna kusa da ƙofa.

Saura biyu, na butar shayi da na tukunyar Kaka, sai maƙwabciyarmu Mama Tabita ta shigo wata la'asar. Mijinta mai gadi ne a wani gida da yake da famfon burtsatse, yakan dawo da jarka guda kowace safiya, don haka gidansu bai kai namu ƙishi ba. Shekaru tana yaba yaɗon nan, shekaru Mama tana amsawa da "Allah ne" ba ta motsa daga inda take.

"Kai, Maman Rahila, fulawa naki ya ƙare haka? Wannan na tukunya dai yana ƙoƙari."

"Yana ƙoƙari."

"Ni ko ciyawa na dasa ba ya kamawa. Hannuna kamar na mai gishiri."

Mama ta dubi tukunyar Kaka. Can ta miƙe ta gyara goyon Iliya ta ce, "Bari in duba tukunya a wuta."

Ba a hura wuta a gidanmu ba ranar, kuma daga inda Mama Tabita take zaune ana hango murhun. Ni ban san ƙa'idar ba tukuna. Na ga matar ta miƙa hannu, na buɗe baki zan ce tana tsinke mana fulawa, sai na ji an kama kunnena an ja ni zuwa madafa. Muka tsaya ni da Mama muna kallon toka mai sanyi. Ba ta saki kunnen ba sai da ta ji Mama Tabita ta yi tari. Muka fito. Suka ci gaba da maganar ciwon ƙafar wata tsohuwa. Sai bayan shekaru na fahimci cewa ajiya Mama ta kai gidan da yake da ruwa, ta hanyar da ta sani kaɗai.

Lahadin da ta biyo aka juye na butar shayi. Tukunyar Kaka kuma Mama ta shigar da ita ɗaki. Randarmu tana zaune a kan duwatsu uku bisa tarin yashi, kuma kamar kowace randar ƙasa takan yi gumi, ruwa ya taru a gindinta ya ɗiga. Mama ta yanke yaɗon ya koma kamu ɗaya, ta haƙa yashin ta binne tukunyar har rabi, daidai inda ɗigon yake sauka, ta rufe bakinta da busasshen ganye kamar yadda ake rufe citta. Ɗigon da dā yashi yake shanyewa shi ya zama abincinsa.

Baba ya gani, ya kau da kai. A makon ne aka kai aladen kasuwa, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. A makon ne kuma ya je gona ya tona kunya ya dawo da citta a aljihu, ta bushe ta yi sakayau kamar ɓawon gyaɗa, ya ajiye a kan tebur. Amma akwai abin da na gani fiye da sau ɗaya, kuma a kan wannan ba ni da shakka: in ya ɗebi ruwa a randa ya sha, yakan rage kurɓi ɗaya a moɗa, ya sunkuya kamar zai ajiye ta, ya bari ta karkace a kan tukunyar.

Ruwa ya dawo cikin Mayu, da tsakar rana. Iska ta fara zuwa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, sa'an nan aka ji shi yana tahowa a kan rufin unguwa kamar garken shanu. Muka fitar da duk abin da zai iya tarar ruwa, har gwangwanayen da aka kife a katanga. Mama ta tono tukunyar ta fito da ita tsakar gida ta ajiye. Ganye uku ne a jiki, ɗaya ma rabinsa ya bushe. Ba zan ce an yi murna ba. Irin citta ya tafi, masara sai an sake shukawa da abin da dangi suka taimaka, yunwar kuma ba ta sake mu ba sai da sabuwar masara ta nuna. Amma daga ganyen nan uku, cikin shekara uku ko huɗu, labulen ya sake rufe baranda.

Yanzu sai in zo kan bana, wanda ya fi mini wuyar rubutawa duk da cewa shi na fi tabbatarwa.

Idanun Mama sun tafi shekara uku da suka wuce, da ciwon da likita ya ce ba ya juyawa. Iliya yana koyon aiki a Kaduna. Da ta kasa kula da gwangwanaye, suka ragu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ba na gida, har ya zama saura tukunyar Kaka. Kowace safiya bayan addu'a takan lallaba bango ta fito baranda, ta bi igiyar da yatsu tana taɓa ganye ɗaya-ɗaya. Ta san sabo daga tsoho da taushinsa. In ta sami sabon toho a naɗe takan ce, "Mun yi baƙo."

Na karanta aikin gona a jami'a. Na gama bautar ƙasa na dawo gida, shekara biyu ke nan ina aika takardu, babu amsa. A watan Fabrairu wayar da ke wuyan tukunyar ta tsinke da tsatsa, tsagar ta buɗe, saiwa ta leƙo. Na ga a ƙarshe ga wani abu a gidan nan da karatuna zai yi wa amfani. Ban shawarci Mama ba. Na sami bokitin fenti na baƙar roba, na huda gindinsa, na cika da ƙasar gona, na zuba tafi guda na takin zamani da ya rage daga masarar bara, na fasa tukunyar na ciro shukar na dasa. Guntayen tukunyar na zubar a bola.

Kurakuran huɗu ne, kuma ina so in jera su daidai. Na yi dashe a bakin bazara, lokacin da saiwa ba ta da ƙarfin farfaɗowa. Na sa takin zamani ya taɓa saiwar da ta ji rauni. Na ajiye baƙar roba a kan siminti, a barandar da take fuskantar yamma, inda tukunyar ƙasa take hucewa ita kuwa roba take dafawa. Da ganye ya fara rawaya kuma, na tuna ƙishin waccan shekarar, na yi ta sayen ruwa wajen masu kura ina kwarara masa safe da yamma, har abin da bai ƙone ba ya ruɓe. Duka huɗun suna cikin littattafan da na ci jarrabawa da su. Randar da zan iya binne shi a ƙarƙashinta ma babu. Ta fashe tun Baba yana da rai, durom na roba muke da shi, shi kuwa ba ya gumi.

Washegarin dashen Mama ta sunkuya, hannunta ya sauka a kan roba. Ta ce, "Ina tukunyar?" Na ce ta tsufa. Ta ce, "To."

Da na ga abin ya fi ƙarfina, na nemi lambar Mama Tabita, wadda yanzu take zaune wajen ɗanta a Mararaban Rido. Bayan doguwar gaisuwa na tambaye ta ko tana da fulawa mai yaɗo. Ban ce wadda ta ɗauka a gidanmu ba.

"Wayyo Rahila, 'yata. Ya mutu tun ranar da muka yi ƙaura. A bayan mota aka sa shi da katifa, rana ya dafa shi kafin mu isa. Na yi kuka kamar mutum ne. Na Mamanki fa, yana nan?"

"Yana nan, Mama."

"Yauwa. Wannan ai ba ya mutuwa. Ki gaishe ta, ki ce ina addu'a a kan aikinki."

Na sani ana sayar da irinsa a bakin titi cikin baƙar leda, kuma a ilimin da na koya babu abin da ya bambanta shi da namu. Na tsaya a wajen mai sayarwa sau biyu, ban saya ba. Ba zan iya kai hannun Mama kan ƙarya ba.

Kwana tara da suka wuce, da safe, ta fito kamar kullum. Ta kama ganye na farko, ya biyo hannunta. Na biyu ma haka. Ta bi jijiyar zuwa ƙasa, ta matsa gindin, ya lotse kamar dafaffen rogo. Ta shinshina yatsunta.

"Rahila, digirin naki bai ce komai a kan wannan ba?"

Babu zafi a muryarta, tambaya ce kawai. Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata duka, kurakurai huɗu, a jere kamar yadda na rubuta su a sama. Ta saurara har na gama. Ta daɗe tana murza mataccen ganyen a tsakanin yatsu.

Sa'an nan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce, "Bari in duba tukunya a wuta."

Shekara uku rabon Mama da girki. Ba ta ma nufi madafa ba, domin ba za ta iya zuwa ba sai an riƙe ta. Ta dafa bango, ta juya a hankali, ta ba ni baya, ta tsaya fuskarta kusa da siminti. Matar da ba ta ganin komai ko ta ina ta juya.

Na sha gaya mata cewa wannan ƙa'ida ba ta da tushe, cewa reshe bai san wanda ya tsinke shi ba. Har yanzu haka na yi imani. Na kuma san ranar da ta tanada wa wannan juyawar: ranar da zan bar gidan nan zuwa nawa. Ba ni da gida, ba ni da aiki, babu kuma wanda ya zo. Ta daina jira ke nan.

Na bi igiyar sama ina matsa kowace gaɓa. Duk sun yi laushi, sai ɗaya can kusa da ƙarshe, mai ganye guda da ɗan ƙullutun da saiwa take fitowa. An koya mana a yi amfani da reza mai tsabta. Na sa farce. Na cusa shi a zanina, na yi tari.

Ta juyo, ta lallaba ta zauna. "Wutar ma ta mutu," ta ce. Sai ta tambaye ni ko akwai sauran koko.

Reshen yana cikin kwalba a ɗakina, a lungun da ya fi sanyi, na naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, ina canza ruwan kowace safiya. Bisa abin da na koya, farar saiwa takan leƙo tsakanin mako ɗaya da biyu. Yau kwana tara, babu komai. Tun jiya ƙasan reshen ya fara yin ruwan ƙasa, ruwan kuma ya soma ɗan wari. Na san abin da wannan yake nufi, ita ma ta sani, domin ita ta gaya mini ina 'yar shekara tara ko goma. Ba ta tambaye ni ba, ba kuma za ta tambaya ba. A ƙa'ida ba ta san na ɗauki komai ba. Da safe dai har yanzu takan fito ta bi igiyar da yatsu daga sama har ƙasa, igiya zalla, sa'an nan ta zauna.

Hadari ya sake taruwa a kan duwatsu yanzu da nake rubutun nan. Maƙwabta ba su ko tashi kwashe shanya ba.

Ban yi mata godiya ba. Cikin duk abin da na yi wa yaɗon Kaka, wannan kaɗai na tabbata na yi daidai.